Fashin baƙi kan tsutsar cikin kaji: me yasa kana bada magani tana dawowa?

Tambayar da masu kiwon kaji a gida suka fi yi akan tsutsar ciki ita ce "wane magani zan basu?", kuma tambayar ba laifi bace, sai dai ta yi gaggawa. Akwai tambayoyi biyu da suka riga ta, wace tsutsar ce, sannan ta ina take shiga. Wanda bai amsa waɗannan ba haka zai yi ta zuba magani a ruwan sha, kaji su ɗan murmure, bayan wata ɗaya ko biyu su koma gidan jiya, shi kuma ya ce ai maganin jabu ne. Sau da yawa maganin lafiyarsa ƙalau, ya yi aikinsa ya gama, matsalar tana ƙarƙashin ƙafar kajin ne.

Abu na farko da ya kamata ya zauna a kan kowa: tsutsar ciki bata hayayyafa a cikin kaza ta ƙaru a can. Ba kamar ƙwayoyin cuta bane da ɗaya zata shiga ta zama miliyan. Tsutsa tana zuba ƙwai a hanji, ƙwan ya fito cikin kashi, ya yi wani zama a waje, ko a ƙasa ko a cikin wani ƙwaro, sannan kaza ta sake haɗiye shi. Wato duk tsutsa ɗaya da ka gani a cikin kaza, ta baki ta shiga. In ka yanka kaza ka samu guda hamsin to ƙwai hamsin ta tsinta ko fiye. Wannan kaɗai in mutum ya fahimce shi ya gane cewa wanda ke cikin kaza ɗan kaɗan ne, babbar rundunar tana tsakar gida, a inda suke tono, a gindin mazubin ruwa, a cikin akurki.

Kuma ba iri ɗaya bace. Wadda aka fi sani ita ce doguwar farar nan da ake gani a kashi ko a hanji in an yanka, masana na kiranta Ascaridia galli. Macen tana kai santimita 7 zuwa 12, namijin ya fi gajarta, suna zama a ƙaramin hanji. Ita bata buƙatar ɗan aike, daga kashi zuwa baki ne kai tsaye. Amma ga wani abu da mutane basu cika sani ba, ƙwan da ya fito cikin kashin yau baya kama kaza yau. Sai ya samu danshi da ɗumi da iska ya nuna tukuna, abinda ke ɗaukar kamar kwana 10 zuwa 20 gwargwadon yanayi. In kaza ta haɗiye nunannen ƙwai, sai ya ƙyanƙyashe a ciki, 'yar tsutsar ta shige jikin bangon hanji ta ɓuya na wani lokaci, daga baya ta fito ta girma, kuma daga ranar haɗiya zuwa ranar da ita ma zata fara zuba nata ƙwan ana yin sati 5 zuwa 8. Ku riƙe waɗannan lambobin biyu don kusan duk dabarar yaƙi da ita a kansu take. Ƙwan nata kuma yana da kauri, a ƙasa mai inuwa da laima yana iya shekara yana jira, ko ma fiye, kuma yawancin magungunan feshi da ake wanke ɗakin kaji da su basa yi masa komai. Rana da bushewa ne maƙiyansa.

Ɓarnarta ta fi yawa a ƙananan kaji, waɗanda basu kai wata uku ba. Tana cinye abincin da ya kamata ya zama nama da ƙwai, 'ya'yanta suna ƙwarzane hanji lokacin da suke ɓuya, in kuma sun yi yawa sosai sai su cure su toshe hanjin gaba ɗaya kaza ta mutu. Manyan kaji suna samun ɗan garkuwa da shekaru, shi yasa zaka ga tsohuwar kaza tana yawonta garau alhali tana ɗauke da su tana yayyafa ƙwai ko'ina, 'yan tsakin da ke binta su ne ke shan wahala.

Sai wata 'yar ƙarama, Heterakis gallinarum, tsawonta bai wuce santimita ɗaya da rabi ba, tana zama a waɗannan rassan hanji biyu masu rufaffen baki da ke kusa da ƙarshen hanji. Ita a karan kanta ba wata ɓarna take wa kaza ba, da ita kaɗai ce da ba sai an ɓata lokaci a kanta ba. Laifinta dako ne. A cikin ƙwanta take ɗauko wata ƙaramar halitta mai suna Histomonas meleagridis, wadda ke lalata hanta da waɗannan rassan hanjin, kuma talotalo ne ya fi kowa jin jiki, kashinsa ya koma rawaya shar, ya yi sanyi, ya mutu. Kaza kuwa yawanci ta ɗauka ta sha da ƙyar ko ma bata nuna komai ba. Wannan shine sirrin abinda ke ɗaure wa mutane kai, a haɗa kaji da talotalo wuri ɗaya, kaji lafiya lau, 'ya'yan talotalo suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ko an kwashe kajin daga wurin, ƙasar tana riƙe da ƙwan shekaru. Ni a ganina duk wanda zai yi kiwon talotalo da gaske, ya nema masa wurin da kaji basu taɓa zama ba, in babu hali to aƙalla ƙananan kar su taka ƙasar kaji.

Akwai dangin Capillaria, sirara ne ƙwarai har ido baya kama su da sauƙi, zaka iya yanka kaza ka buɗe hanji ka ce babu komai alhali suna nan manne. Wasu a hanji, wasu a maƙoshi da jakar abincin nan ta gindin wuya. Ƙanƙantarsu kar ta ruɗe ka, sun fi doguwar farar nan ramar da kaza in sun yi yawa, gudawa da ƙarancin jini da rama. Wasunsu kai tsaye suke yawo, wasu sai sun bi ta cikin tana.

Tana ɗin nan ma dai, abar da kaji ke rububi in an yi ruwa, ita ce motar haya ta tsutsotsi da yawa. Tana cin ƙasa, ta tara ƙwai a jikinta, kaza ta haɗiye ta da kayan duka.

Wadda ta fi tsoratar da mutane ita ce ta maƙogwaro, Syngamus trachea. Ja ce saboda jini take sha, kuma namiji da mace a manne suke har abada shi yasa in an ciro ta ake ganinta da siffar harafin Y. Tana zama a bututun numfashi, tsako ya dinga miƙe wuya yana buɗe baki yana neman iska, yana girgiza kai kamar zai fitar da wani abu. Tana shiga kai tsaye ko ta tana da dodon koɗi, tsuntsayen daji ma suna kawo ta, kuma ƙananan kaji da talotalo da zabi ta fi kamawa don bututunsu siriri ne. Amma fa a nan sai na ja kunne, ba duk kazar da ta buɗe baki ke da wannan tsutsar ba, hasalima yawancinsu ba ita bace. Zafi yana sa kaza haki, mura da cututtukan numfashi suna sa ta buɗe baki, abinci in ya tsaya a wuya ta kan miƙe wuya ta gyara. In akwai majina, ko kumburin fuska, ko ido na ruwa, ko kaji da yawa sun kamu a kwana biyu, to ka daina zargin tsutsa ka nemi likitan dabbobi da wuri, domin tsutsa bata bazuwa da irin wannan saurin.

Sai tsila, ita kuma duniyarta daban. Falalan take, gaɓa-gaɓa, kanta a maƙale a bangon hanji, gaɓoɓin ƙarshe suna yankewa cike da ƙwai su fito a kashi, zaka ga wasu fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa a saman sabon kashi wani lokacin har suna motsi. Abin lura game da tsila shine ko kaza ta ci wannan kashin kai tsaye ba zata kamu ba, dole sai wani ƙwaro ya ci ƙwan, ya rene shi a cikinsa, kaza ta ci ƙwaron. Dangin Raillietina, masu kai santimita 25, wasu ta tururuwa suke bi wasu ta buzuzu da ƙwari irinsa. Choanotaenia ta ƙudan gida. Davainea proglottina kuwa 'yar mitsitsiya ce bata wuce milimita 4 ba, ta dodon koɗi da danginsa marasa ɓawo take bi, kuma duk ƙanƙantarta tana cikin waɗanda suka fi illa. To ka ga wanda matsalarsa tsila ce, sharar kashi kaɗai ba zata fisshe shi ba in ƙudaje da tururuwa sun mamaye wurin. A ƙasashe masu zafi har tsutsar ido akwai, Oxyspirura mansoni, da ke zama ƙarƙashin fatar ido, kyankyaso ke kawo ta, kaza ta yi ta susar ido da ƙafa. Akwai ma masu zama a ƙundu da cikin da ke gabansa, fara da kyankyaso ke dakonsu.

To ta yaya mutum zai gane? Alamomin da ake lissafowa kullum, rama, zanko ya koɗe, gashi ya hargitse, gudawa, ƙwai ya ragu, girma ya tsaya, duk gaskiya ne amma babu ko ɗaya a ciki da ya keɓanta da tsutsa. Yunwa tana kawo su, ƙwarƙwata da ƙuma da sauran masu shan jini a fata suna kawo su, tsufa ma haka. Abinda na fi yarda da shi shine hannu. Ka kama kaza ka shafa ƙirjinta, in ƙashin ƙirji ya fito tsini babu tsoka gefe da gefe alhali tana cin abinci sosai, to akwai magana. Gashi yana ɓoye rama, kaza zata iya zubewa rabi kana kallonta daga nesa kana cewa ƙalau take. Kuma ba duka garken ke ɗauke da kaya daidai ba, a al'adar tsutsa 'yan kaɗan ne a cikin garke ke ɗauke da mafi yawa, don haka ka duba ɗaya ka ga lafiya ba hujja bace.

Rashin ganin tsutsa a kashi shima ba hujja bane. Mai rai bata son fitowa, ƙwanta ne ke fitowa shi kuma ido baya ganinsa. Ranar da ka fara ganin doguwar farar a kashi ba tare da ka bada magani ba, to an daɗe da cika. Hanyar da ta fi ita ce gwajin kashi, a tara sabon kashi daga kaji daban-daban a kai wa likitan dabbobi ko ɗakin gwaji, su dama shi da ruwan gishiri ko na sukari mai kauri, ƙwan ya taso sama a duba a maikiroskof, har ana iya ƙirga yawansa a kowane giram. Shima yana da iyaka, in tsutsotsin basu balaga ba babu ƙwan da za a gani, tsila kuma bata cika bayyana a irin wannan gwajin ba. Hanya ta biyu kyauta ce kuma mutane suna watsar da ita: duk kazar da aka yanka ko ta mutu, a tsaga hanjin daga sama har ƙasa a duba, a buɗe rassan nan biyu, a tsaga maƙogwaro. Minti biyar ne, kuma zai gaya maka abinda ke cikin sauran.

Kar a manta da koksidiyosis, wanda masu kiwo ke cewa koksi. Shi ba tsutsa bane sam, wata ƙaramar halitta ce mai suna Eimeria, kuma shi yana ninkuwa a cikin hanji. In ka ga jini a kashin ƙananan kaji, sun takure sun saki fiffike, shi ya kamata ka fara zargi, maganinsa daban irin su amprolium. Maganin tsutsa baya taɓa shi, kuma kwana biyun da za a ɓata ana bada maganin da ba nasa ba sun isa a yi asara.

Yanzu maganin. Zan rubuta sunayen yadda suke a jikin kwalba ko leda don a iya dubawa, domin sunan kamfani ba shine abin kallo ba, sinadarin da ke ciki shine magana. Piperazine tsoho ne kuma yana da sauƙin sha'ani, amma doguwar farar nan kaɗai yake kamawa, ita ma babba, kuma ba kashe ta yake ba, sumar da ita yake hanji ya turo ta waje. 'Ya'yan da ke ɓoye a bangon hanji baya kai musu, tsila da sirara da ta maƙogwaro kuwa ko a jikinsu. Shi yasa ake maimaita shi bayan kamar sati biyu ko yadda takardarsa ta ce. Levamisole ya fi shi faɗi, yana kama zagayayyun tsutsotsi da dama, amma baya kama tsila, kuma tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da wanda ke cutarwa ba ta da yawa, ba maganin da ake zubawa da ka bane. Fenbendazole da flubendazole da albendazole 'yan gida ɗaya ne, suna hana tsutsa cin abinci ne ta mutu a hankali, shi yasa yawanci ake bada su kwanaki a jere, wani na ruwa kwana 5, wani na cikin abinci kwana 7, wanda ya bada irin wannan rana ɗaya ya tsaya ya yi rabin aiki. Tsila kuma praziquantel ne ko niclosamide suka fi dacewa da ita. Ivermectin da mutane ke yabo sosai, a kan tsutsar hanjin kaji ba abin dogaro bane, baya kama tsila, kuma a yawancin ƙasashe ba a amince a ba kajin da ake cin ƙwansu ba.

Maganar cin ƙwai da nama bayan magani ba wasa bace. Magani yana sauka a ƙwai, musamman gwaiduwa, wadda ke ɗaukar kwanaki tana haɗuwa a cikin kaza. Akwai nau'in fenbendazole da flubendazole da aka yi musamman don kaji, waɗanda a Turai aka yarda a ci ƙwai ana cikin bayarwa, in an bi adadin da aka rubuta. Wannan izinin na wannan kwalbar ne a wannan adadin, bai shafi na shanu ko na awaki da wani ya ɗebo ya rage da ido ba. In takarda ta ce a jira kwana kaza a jira, in bata ambaci kaji masu ƙwai ba a tambayi likita.

Wajen bayarwar ma ana tafka kuskure. Adadi da nauyi yake tafiya, don haka sai an auna kaji ko da 'yan kaɗan ne a ƙiyasta sauran. In a ruwa ne, a ɗauke duk wani ruwan daban, in ba haka ba su sha a kwata su bar naka. Kazar da ta fi rashin lafiya ita ce ta fi ƙin sha, wato wadda ta fi buƙata ita ke samun kaɗan, irin wannan gara a kama ta a bata a baki. Farin maganin ruwa na manyan dabbobi kuma baya narkewa, kwanciya yake a ƙasan mazubi, na farko su sha ruwa zalla na ƙarshe su sha laka. Sannan a kiyayi fenbendazole lokacin da kaji ke zubar da gashi suna fitar da sabo don yana iya lalata sabon gashin, tattabaru kuwa basa jure shi kamar kaji.

Bada magani kaɗan-kaɗan kowane wata babu dalili, wai don rigakafi, shine hanyar da ake koya wa tsutsa jure magani, masu rauni su mutu masu taurin kai su rage su cika wurin da zuriyarsu. A tumaki da awaki wannan ya riga ya zama bala'i a duniya, a kaji da danginsu ma an fara gani, a Amurka an samu tsutsar talotalo da fenbendazole ya daina kashewa. Magungunan da aka yarda a ba kaji kuwa 'yan kaɗan ne, in suka daina ci babu wasu a layi.

Tafarnuwa, 'ya'yan gwanda, 'ya'yan kabewa, ruwan khal, da farar hodar ƙasa mai suna diatomaceous earth da ake cewa tana yanka tsutsa, nasan akwai masu rantsuwa da su. Wasu daga ciki suna nuna ɗan tasiri a gwaji, amma babu wanda ya kai a dogara da shi ga kazar da ta riga ta cika ta rame. Wanda ya ce yana bayarwa kuma kajinsa basu da tsutsa, a tambaye shi ko ya taɓa gwada kashin, sau da yawa wurinsa ne busasshe kajinsa kuma ba yawa.

Wannan ya kawo mu ga ainihin aikin, wato tsabtar wurin kaji. Tunda ƙwan doguwar tsutsa sai ya yi kwana 10 ko fiye kafin ya nuna, wanda ke kwashe kashi daga akurki duk bayan kwana biyu uku, ko a ƙalla duk sati, yana fitar da shi tun bai zama haɗari ba. Kashin kuma kar a zubar inda zasu je su tone, a tara shi nesa ya ruɓe ya yi zafi. Shimfiɗar ɗaki ta zama busasshiya, mazubin ruwa a ɗaga shi sama a dinga sauya masa wuri don gindinsa shine inda danshi da kashi ke haɗuwa, abinci a mazubi ba a watsa a ƙasa cikin kashi ba. In fili ya isa a raba shi biyu, su yi wata biyu nan a maida su can, wanda aka bari a yanke ciyawarsa rana ta dake shi. In filin ƙarami ne kuma shekara da shekaru kaji na kai, a kankare saman ƙasar a zuba sabon yashi. Cunkoso kuwa shine uban duka, kaji goma a wurin da ya dace da biyar, kashi ya ninka, haɗiya ta ninka.

Ranar da aka gama bada magani ita ce ranar da ta fi dacewa a yi babbar shara a sauya shimfiɗa, don kashin kwanakin nan cike yake da tsutsa da ƙwai. In aka bar su a wurin, washegari sun fara tsintar sabo, bayan sati 5 zuwa 8 an dawo inda aka fara, wanda shine daidai lokacin da mutane ke cewa magani bai yi ba.

Abinci shima yana da hannu, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kazar da bata samun isasshen furotin da bitamin A tsutsa ta fi zama a cikinta ta fi girma, an daɗe da sanin wannan. 'Yan tsaki a raba su da tsofaffi gwargwadon iko, a basu wuri mai tsabta har su yi ƙwari. Sabuwar kaza da aka kawo daga wani wuri a keɓe ta sati biyu ko fiye, a duba ta, in da buƙata a bata magani a can kafin ta zuba kashinta a filin sauran.

Kuma a cire rai da cewa za a wayi gari babu tsutsa ko ɗaya. Kazar da ke taka ƙasa tana tono tana cin ƙwari zata ɗauka, tsuntsayen sama ma suna sauka su bar nasu, 'yan kaɗan a cikin babbar kaza mai ƙiba da ke ƙwanta daidai ba abin tada hankali bane. Abinda ake nema kar su yi yawan da zasu taɓa girma da ƙwai.

Masu tambaya ko mutum zai iya ɗauka, waɗannan tsutsotsin na tsuntsaye ne, basa zama a cikin ɗan adam. Wani lokaci can ba safai ba doguwar farar takan ɓace hanya daga dubura ta hau hanyar da ƙwai ke saukowa, ɓawo ya rufe da ita, a fasa ƙwai a ganta. Abin ƙyama ne, a zubar da wannan ƙwan, a kuma ɗauke shi a matsayin alamar garken na buƙatar dubawa. Wanke hannu bayan taɓa kaji da kashinsu yana nan daram, saboda ƙwayoyin cuta irin su salmonela da kaji ke iya ɗauka ba tare da sun nuna ba, musamman in akwai ƙananan yara a gidan.